Rumbun da Abokina Ya Bar Mini

Shekarun baya, a tsakiyar wata damina, na ci gadon wani aiki da ban nema ba. Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni da tsokanar masu rubuta manhajar kwamfuta, har wasu na cewa ba ni da aiki sai gano kuskuren mutane. Suna da gaskiya. Amma wannan labarin ban taɓa ba ku shi ba, don sai yanzu nake iya kai shi ƙarshe ban tsaya a tsakiya ba.

Ina da wani aboki da muka yi karatun kwamfuta tare. Ni ɗan Birnin Kudu ne, shi kuma mutumin Kwandiko, can ƙasar Gwaram. Da muka gama, na buɗe ɗan shago a bakin titi, ina buga wa mutane takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ranar da babu ciniki kuma in zauna ina kiran kaina injiniya. Shi kuwa ya tattara ya koma ƙauye, ya karɓi gonar mahaifinsa, ya ɗora 'yar sola a kan rufin ɗakinsa. Da safe fartanya, da yamma kwamfuta. Na yi masa dariya har na gaji. Na ce mutum ya sha wahalar karatu, sannan ya koma inda sai ya hau tudu yake samun sabis. Yakan ce mini, "Sannu ba ta hana zuwa." Ni kuma in ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Abin da yake rubutawa a can, manhaja ce ta wata 'yar ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinsu. A wajensu ba a kora shanu cikin gonaki su ci karmami sai an gama kwashe dawa, mai unguwa ya ce an saki gona. To labarin yakan iso a makare, ko ya iso a karkace. An saki gonakin gabas, makiyayi ya ji an ce na yamma, ya kora garke a kan dawar da ba a yanka ba. Daga nan sai ɓacin rai tsakanin mutanen da maƙwabtan juna ne, wasu ma surukai. Abokina ya shirya yadda mai unguwa zai tura gajeren saƙo daga wayarsa, manhajar kuma ta rarraba shi ga duk makiyayin da ya ba da lambarsa. Ba wani gagarumin abu ba ne, kuma na sha gaya masa haka.

Masu irin aikinmu suna da wata ma'ajiya a intanet inda ake tara rubutun manhaja. Duk gyaran da ka yi, sai ka ƙulle shi wuri guda, ka rubuta ɗan bayani a kansa, ka tura can. Ma'ajiyar ta riƙe sunanka da ranar, ta jera shi a kan na baya. Abokina rumbu yake ce wa tasa, kowane gyara kuma dami. Na ce wannan ƙauyanci ne, amma ban ankara ba sai ga shi ni ma na kama faɗa. Tun farko ya sa sunana a matsayin na biyu mai riƙe da mabuɗin rumbun, wai saboda halin rayuwa. Na ce, "Halin rayuwar me, kai da ko mura ba ka yi?"

Abin da muka fi yin faɗa a kansa shi ne bayanan da yake rubutawa a kan dammansa. Ni mutum ne mai son tsari, ina son bayani ya zama gajere, ya faɗi abin da aka yi, shi ke nan. Shi kuwa hira yake yi. Sai ka ga ya rubuta, "Na gyara abin da na ɓata jiya." Na gaba kuma, "Na sake ɓata abin da na gyara." Akwai wanda ya ce, "Akuya ta tauna wayar caji, shi ya sa aka ji ni shiru." Wani kuma, "Yana aiki, ban san dalili ba. Kada kowa ya taɓa, musamman mutumin Birnin Kudu." Na ce masa rumbu ba dandali ba ne. Daga baya ma na daina karantawa, sai dai in duba rubutun manhajar kawai in nemo masa kuskure.

Saboda raunin sabis a garinsu, ba ya iya tura aiki kullum yadda ake so. Sai ya tara damman a cikin kwamfutarsa, idan sun yi yawa ya hau babur zuwa Gwaram, ya shigo ƙaramar bas zuwa Birnin Kudu. Ya shigo shagona ba sallamar kirki, ya ture mini takardu, ya jona intanet ɗina, ya shanye mini fura, ya ce, "Na kawo dami." In ce, "Ka dai kawo yunwa." Haka za mu zauna har la'asar, shi yana turawa, ni ina mita.

A shekarar da nake ba ku labari, ya gano cewa rabin saƙonninsa a banza suke tafiya. Makiyaya da yawa da tsofaffin manoma ba sa karanta boko, saƙo zai shigo ya kwanta a waya har sai wani ya zo ya karanta musu, lokacin kuwa shanu sun riga sun shiga inda za su shiga. Sai ya yanke shawarar manhajar ta riƙa kiran mutum ta yi masa magana da baki. Don haka ya zauna yana naɗar muryarsa: sunan kowane ƙauye, sunan kowace ruga, ranakun mako, da 'yan jimlolin da manhajar za ta riƙa harhaɗawa. Ya ce shi zai yi da kansa, don ya san yadda mutanen kowane wuri ke kiran sunan garinsu. Fayilolin murya suna da nauyi, sabis ɗin tudun Kwandiko ba zai ɗauke su ba. Duk lokacin da muka yi waya sai ya ce saura kaɗan, idan ya gama noma na biyu zai shigo da su gaba ɗaya.

Bai shigo ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Yayansa ne ya kira ni da hantsi, ina tsaka da buga wa wani takardar neman aiki. Kafin in isa Kwandiko har an kai shi makwancinsa. Na zauna a tabarmar makoki ina amsa gaisuwa kamar ɗan gida, ina ta kallon tudun da yake hawa ya kira ni.

Bayan sadakar bakwai, shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai sanyin magana, ya zo har shagona. Ya zauna a kujerar da abokina ke zama, ya ce, "Malam, marigayi ya sha gaya mana cewa idan ba ya nan, kai ne. Ga kaka tana tafe. Mun riga mun gaya wa mutanen ruga cewa bana waya za ta yi musu magana."

Na ce, "Alhaji, in sha Allahu ba za a ji kunya ba."

Na faɗa ne da ƙarfin gwiwa, don a ganina aikin a gama yake, ɗaukowa kawai zan yi. Da ya tafi na buɗe rumbun. Dami na ƙarshe da abokina ya samu ya turo ƙarami ne, kuma ga abin da ya rubuta a kansa: "Sauran yana kwamfutata. Muryoyin sun yi nauyi, sai na shigo Birnin Kudu. A tanadar mini fura." Na daɗe ina kallon layin nan. Wato aikin damina guda, da rubutun da muryar, babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin kwamfutar da ke ɗakinsa.

Yanzu ku da ba ku san ƙauye ba za ku ce ai sai in je in karɓo. Ba haka abin yake ba. Mutum bai daɗe da kwanciya ba, matarsa tana takaba, mahaifiyarsa ko abinci ba ta iya ci, sannan ka shiga ka ce ina kwamfutarsa? Na je gaisuwa, na ga jakar kwamfutar a rataye a ƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai da na dawo gida na kira yayansa, na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da maganar.

Ya ce, "Na fahimce ka. Amma ka san kayan gado ne yanzu, kuma akwai marainiya. Malam ya ce ko allura kada a ɗauka sai an raba."

Na ce, "Yaya, ba kwamfutar nake so ba. Abin da ke ciki zan kwafa, a gabanka, ba zai rage ta da komai ba."

Ya ce, "Na sani. Amma idan na buɗe maka, gobe wani ya zo ya ce shi ma fartanyar zai ara. Ka yi haƙuri a yi arba'in a raba. Tana nan a rataye, babu mai taɓa ta."

Na ce to. Har ga Allah hankalina ma kwanciya ya yi. Na ce a raina duk duniya babu wurin da ya kai ƙusar nan tsaro, tunda dukiyar maraya ce, kowa tsoronta yake ji. Ban ga dalilin da zai sa in ce a kula kada a yi mata wani abu ba.

Aka yi arba'in, aka raba gado. Yaya ya kira ni ya ce kwamfutar ta faɗo a rabon Inna, mahaifiyarsu, ita da kanta ta ce a bar mata. Na ji daɗi, don Inna tamkar uwa take a wurina, na sha cin tuwonta. Na ɗan jinkirta saboda rajistar ɗalibai da ta taso mini, sannan na kama hanya. Lokacin an fara yankan gero, ko'ina ka duba dammuna ne a jingine a gonaki.

Yaya ya tare ni a zaure da fara'a. Ya ce, "Ka zo a daidai, shekaranjiya aka karɓo ta daga Gwaram."

Na ce, "Aka karɓo ta? Wani abu ne ya same ta?"

Ya ce, "A'a, lafiyarta ƙalau. Inna ce ta sa na kai wa mai gyaran waya ya wanke ta."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin zauren ba. A bakin masu gyara, wanke na'ura shi ne a share duk abin da ke cikinta, a mayar da ita kamar yau aka sayo.

Muka shiga ciki. Inna tana zaune a inuwar ɗakinta, ta rame, amma ta tare ni yadda ta saba. Bayan mun gaisa ta sa aka ɗauko jakar, ta ajiye a gabana da hannu biyu.

Ta ce, "Ɗan nan, ka ga ni ban yi boko ba. Amma na ji a wa'azi an ce abin da mamaci ya bari a cikin irin waɗannan na'urori, hoto ne, kiɗa ne, duk wanda ya buɗe ya gani, alhakin yana bin sa har kabari. Shi kuwa abokin naka, duk daminar nan yana ƙule a ɗaki yana magana da abin nan, wani lokacin ka ji ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Ban zarge shi da komai ba, na san abin da na haifa. Amma yaro yaro ne. Na ce abin da ban sani ba, gara in sa a wanke masa, kamar yadda aka wanke shi."

Ta gyara mayafinta, ta ci gaba. "Sannan na ce a zuba masa karatun Alƙur'ani a ciki, duk wanda ya kunna ya saurara, ladan ya kai gare shi. Shi ya sa na ce ni za a bar wa. Ai na yi daidai ko?"

Na dube ta. Tunda ɗanta ya rasu, wannan ne abu ɗaya da ta samu ta yi masa da hannunta. Na ce, "Kin yi daidai, Inna. Allah ya kai ladan kabarinsa."

Na roƙe ta ta ara mini kwamfutar, na ce akwai abin da zan duba. A hanyar komawa na tsaya a kasuwar Gwaram, na nemi rumfar mai gyaran. Ina da sauran fata, domin abin da aka share daga kwamfuta sau da yawa ana iya tono shi, matuƙar ba a zuba wani abu a gurbinsa ba. Mutumin ya gane jakar tun daga nesa, ya washe baki. Ya ce, "Ai wannan aikin na yi shi tsakanina da Allah. Na wanke ta tas, sannan na cika ta maƙil da karatu da tafsiri, ko gurbin hoto ɗaya ban bari ba. Haka tsohuwar ta aiko a ce mini." Na yi masa godiya. An ba shi aiki ne, ya kuma yi shi da kyau.

Duk da haka na kai ta shago, na rufe ƙofa, na gwada duk dabarar da na sani da wadda na tambayo. Ni da nake kiran kaina injiniya, na yi kwana da kwanaki ina tono, abin da nake samu guntayen karatu ne kawai. A ƙarshe na haƙura. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata, sai dai a nan babu ɓarawon da za ka ji haushinsa.

Ranar da na mayar da ita, na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta karɓi jakar, ta dube ni da kyau, ta ce, "Kai kuma me kake nema a cikin abin nan, har ka faɗa haka? Kada ka ɓoye mini."

Na so in ɓoye. Amma Inna ba a yi mata ƙarya sau biyu. Na ce, "Aikin ƙungiya ne, Inna. Saƙon sakin gona yake naɗa, don waya ta riƙa gaya wa mutanen ruga da baki. Sunayen garuruwa yake kira, da na rugage, da ranakun mako."

Ta ce, "Wato duk surutun nan da nake ji ta taga?"

Na ce, "Shi ne."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta ce a hankali, "Ashe muryarsa ce a ciki." Ta ɗago. "Wayarsa ma na sa an wanke. Kai ba ka da ko kaɗan a taka?"

Ba ni da shi. Abokina ba ya aiko saƙon murya, don sabis ɗin garinsu ba ya iya fitar da shi, sai dai ya kira ko ya rubuto. Na gaya mata haka.

Ta ce, "Da na ce a rage mini ko kalma ɗaya." Sai kuma ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Na fito daga gidan ina jin da ma ƙaryar na yi mata.

Dawa ta fara nuna, alkawarin da na yi wa shugaban ƙungiya kuma yana nan. Babu yadda zan yi sai in sake rubuta abin da ya ɓata, daga inda abokina ya tsaya a rumbu. Amma ba ka ɗorawa a kan ginin wani sai ka san yadda ya haƙa tushensa. Dole na koma dami na farko, na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, ina karanta rubutun, ina karanta bayanan nan da na daina dubawa. Abin ya yi mini wuya fiye da yadda na zata. Sai in yi dariya a kan wani layi, in juya don in zage shi, in ga kujera babu kowa.

Ina cikin bi na iso kan wasu damman da ya kawo tun bazara, kafin ruwa ya sauka. A shagona ya turo su, ina zaune kusa da shi ina mita. A kan ɗaya ya rubuta, "Na fara gwada naɗar murya." A kan wanda ke bi masa kuma, "Na cire gwajin da Inna ta ɓata mini."

Na tsaya cak. Shi rumbun nan, idan ka cire abu daga cikinsa, daga aikin yau kawai ka cire shi. Damin da ka fara saka shi a ciki yana nan yadda ka ɗaure shi, duk mai mabuɗi yana iya komawa ya kwance. Kowane ɗan koyo ya san wannan. Na koma baya da dami ɗaya. Ga shi nan kuwa, ɗan ƙaramin fayil, bai kai tsawon rabin minti ba. Na kunna.

"Gwaji, gwaji. Assalamu alaikum jama'ar Farin Dutse, ana sanar da ku cewa..."

Sai daga nesa muryar mace, da ƙarar murfin tukunya: "Kai, tuwon nan fa zai huce."

Sai dariyarsa, wannan ta cikin hanci da nake ce masa kamar ta tsohon babur. Ya ɗaga murya ya ce, "Na'am, Inna. Ga ni nan zuwa."

Daga nan ya katse. Wani ya shigo yana son a buga masa takarda, na ce masa injin ya lalace.

Washegari na sayi ɗan memori, na zuba fayil ɗin, na kama hanyar Kwandiko. Ban gaya wa Yaya abin da ya kawo ni ba, na ce dai a karɓo mini ƙaramar wayar Inna, mai maɓallai. Na saka memorin, na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, na samo wani abu a ma'ajiyar aikinsa ta intanet. Kaɗan ne ƙwarai. Idan ba kya so, sai in cire."

Ta ce, "Sa mu ji."

Na kunna. Da aka zo wurin da ta kira shi, ta ɗan zabura, kamar ba ta gane muryar tata ba. Da ya amsa, sai ta sa bakin mayafi ta rufe fuskarta. Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa ya juya ya fita zaure. Ni kuma na kafa idona a kan tabarma.

Can ta sauke mayafin, ta ce, "Wannan ba zai bi shi da wani abu ba ko?"

Na ce, "Ni ba malami ba ne, Inna. Amma abin da ke ciki, kin kira shi ya amsa. In ma bin sa zai yi, da alheri zai bi shi."

Ta jinjina kai. Ta ce, "Nuna mini inda ake dannawa."

Aikin ƙungiya dai na gama shi kafin a kwashe dawa, da ƙyar da jiɓin goshi. Muryata na naɗa, tunda babu wata. Shugaban ƙungiya ya kawo mini rahoton cewa mutanen ruga sun gode, sai dai wani Arɗo ya ce mai maganar nan kamar labaran duniya yake karantawa, kuma yana kiran sunan rugarsu kamar bai taɓa shan nono ba. Na karɓi wannan, don gaskiya ce. Har yau da muryar tawa ake aiki, kuma har yau duk kaka sai na ji a raina cewa aro na yi.

Ban taɓa jin haushin Inna ba, ko na rana ɗaya. Ita tsoro take ji wa ɗanta, ni kuma aikinsa nake ji wa tsoro, kowa da inda ƙaunarsa ta kai shi. Abin da na fahimta shi ne, wanda ya gaji rumbun wani ba rubutun manhaja kawai ya gada ba. Ya gaji gardamar mutumin da kansa, da kasalarsa, da ranar da ya gaji, da ranar da abu ya yi masa daɗi. Yanzu damman da na ɗora sun fi nasa yawa, sunana ya cika saman jerin, sai na gangara ƙasa sosai nake tarar da shi. Nakan gangara ɗin, ba don ina neman komai ba. Ina kewarsa ne kawai, kuma ban san wani wurin da zan je in same shi yana tsokanata ba.

Kwanakin baya na haɗu da Yaya a tashar Gwaram, muka tsaya gaisawa. Na tambaye shi Inna, ya ce tana nan lafiya, sai dai ido ya yi rauni. Ya ce wayar ta tsufa har maɓallan sun goge, sun saya mata sabuwa ta ƙi karɓa, sai da aka mayar mata da memorin a ciki. Na ce har yanzu tana saurara ke nan. Ya ce ba kullum ba, kuma ba ta yi a gaban mutane. Sai dai wani lokacin, idan ta sauke tuwo ta gama rabawa, sukan ji ta daga ɗaki ta kunna.